Ran Mai Jif Yana Kan Tafin Hannu Huɗu

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titin da ya taso daga Kano ya ratsa Ɗanbatta da Kazaure ya nufi Daura, musamman ranar Lahadi da kasuwar garin ke ci, ya san wannan al'amari. Jif ce za ta sauka daga kwalta ta tsaya a inuwar dalbejiya, gaban rumfar mai faci. Mai motar ko fitowa ba ya yi, gilashi kawai zai sauke ya ce, "Malam, a ƙara mini iska, tafiya ce a gabana." Mai faci ya amsa, "To, ranka ya daɗe." Sai ya tayar da injinsa, ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya yana ɗura musu iska, yana ƙwanƙwasa kowace da ƙarfe yana sauraren amonta. In amon ya gamshe shi sai ya ce, "Alhaji, ta yi. Allah ya kiyaye hanya." A miƙa masa haƙƙinsa, jif ta hau kwalta ta ɓace.

A cikin waɗannan 'yan mintoci an yanke shawara a kan rayukan duk waɗanda ke cikin motar, alhali kuwa babu wanda ya auna komai. Mai motar bai san adadin iskar da kamfanin da ya ƙera ta ya ƙayyade ba. Mai faci bai tambaya ba. Babu kuma wanda ya sunkuya ya duba shekarar da aka yi tayoyin.

Manyan motocin nan da ake kira jif, irin su Prado da Land Cruiser da Highlander da Pathfinder, sun yawaita a yankin Ɗanbatta. Akwai na attajirai da 'yan siyasa da masu sarauta, akwai na ma'aikatan da ke zaune a Kano ko Abuja suna zuwa gida ƙarshen mako ko lokacin Salla, akwai kuma tsofaffin da suka sauya hannu sau uku ko huɗu har suka koma ɗaukar buhunan taki da hatsi. Masu su duka sun yi tarayya a kan zato guda: wai girman motar da tsadarta kariya ne. Wannan maƙala tana ganin zaton nan kuskure ne mai tsada. Gwargwadon nauyin mota da tsayinta, gwargwadon dogarar ta ga lafiyar taya. Kuma mafi yawan abin da ke fasa taya a hanyoyin ƙasar nan abu ne da ake iya aunawa tun motar ba ta bar ƙofar gida ba.

Me ke ɗauke da mota?

Da za a tambayi mutane goma abin da ke ɗauke da nauyin mota, tara za su ce taya. Amsar da ta fi daidai ita ce iskar da ke cikin tayar. Roba da wayoyin ƙarfen da aka saƙa a cikinta jaka ce da ke riƙe iskar, kamar yadda salka ke riƙe ruwa. Tun shekarar 1888 da John Boyd Dunlop ya ɗaura wa keken ɗansa tayar iska a birnin Belfast, har zuwa tayar zamani mai ɗamarar ƙarfe wadda kamfanin Michelin na Faransa ya yi wa rajista a 1946, wannan ƙa'ida ba ta sauya ba.

Ga ɗan lissafi da kowane ɗalibin sakandare zai iya yi. A ƙaddara jif tare da fasinjojinta da kayansu ta kai kilogiram 2,400. Kowace ƙafa ta ɗauki kilogiram 600 ke nan. In an sa wa tayar iska awo 32 a ma'aunin da ake rubutawa PSI, watau wanda ke jikin gejin masu faci, to kowane murabba'in santimita na tayar yana tallafe da kimanin kilogiram biyu da kwata. A raba 600 da wannan adadi, za a sami murabba'in santimita 270 ko kusa da haka. Wannan shi ne iyakar abin da ke taɓa ƙasa daga kowace taya, kuma bai wuce faɗin hannun babban mutum da yatsunsa ba. Birki da sitiyari da ƙarfin inji duk ta waɗannan tafukan hannu huɗu suke isa ga ƙasa. In ɗaya ya kuɓuce, sauran na'urorin motar komai tsadarsu sun zama 'yan kallo.

Haka kuma taya ba ta hutawa. Wadda ke ɗauke da lamba 265/65 R17, wadda ake yawan gani a ƙafar Prado da Hilux, kewayenta ya kusa mita biyu da rabi. A gudun kilomita 120 cikin awa ɗaya tana juyawa kusan sau 14 a kowace daƙiƙa. A kowane juyi gefenta yana lanƙwasa ya miƙe. Mai karatu ya ɗauki waya ya yi ta lanƙwasa ta yana miƙewa da sauri, zai ji ta ɗauki zafi kafin ta karye. Abin da ke faruwa ga taya ke nan, kuma zafin da ke taruwa shi ne babban abokin gabarta.

Iska: ƙaranci da yawa

Tayar da iskarta ta gaza tana lanƙwasa fiye da yadda aka tsara mata, saboda haka tana tara zafi fiye da wanda za ta iya fitarwa. Zafin yana raunana mannin da ke tsakanin roba da ɗamarar ƙarfe, har wata rana a tsakiyar gudu fatar saman tayar ta ɗaye ko gefenta ya yage. Abin takaici shi ne tayar zamani tana iya rasa kashi ɗaya cikin huɗu na iskarta ido bai gane ba. Bugu da ƙari, ko babu ƙusa babu ƙaya, iska tana zurarewa ta jikin roba sannu a hankali, kimanin awo ɗaya zuwa biyu a wata. Motar da aka yi wata uku ba a auna ta ba tana iya tafiya da ƙarancin awo biyar mai ita bai sani ba.

Tsoron wannan ne ke sa masu faci da direbobi da yawa su zarce zuwa ɗaya gefen, su ɗura iska har awo 45 ko 50, suna ganin babbar mota sai iska mai yawa. Wasu ma suna kafa hujja da lambar da ke rubuce a gefen taya. Lambar nan kuwa iyakar abin da tayar za ta iya jurewa ce, ba abin da ya dace da motar ba. Adadin da ya dace yana kan wata 'yar takarda da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, ko cikin littafin motar, kuma a yawancin jifa-jifai yana kusa da awo 30 zuwa 35. Tayar da aka cika fiye da kima takan sandare, tafin da ke taɓa ƙasa ya tsuke, tsakiyarta ta suɗe kafin gefe, motar ta riƙa tsalle a gargada, kuma in ta faɗa rami da ƙarfi zarurrukan cikinta su tsinke.

Yanayin arewacin Kano yana ƙara dagula lissafin. Dokar iskar gas da ake koyarwa a darasin kimiyya ta nuna cewa matsin iskar da ke rufe a cikin mazubi yana ƙaruwa da ƙaruwar zafi. A taya, duk ƙarin digiri shida na ma'aunin Salshiyas yana ƙara kimanin awo ɗaya. A watan Afrilu zafin rana a ƙasar Kano yakan kai digiri 40, kwalta kuwa da ke shanye hasken rana takan wuce digiri 60. Da asubahin hunturu kuma sanyi yakan sauko ƙasa da digiri 15. Don haka ne masu ƙera taya suka ce a auna iska da safe, kafin motar ta yi tafiya. Jif ɗin da ta zo da gudu daga Kano ta tsaya a Ɗanbatta da azahar, gejinta zai nuna ƙarin awo huɗu ko biyar, kuma wannan ƙari an riga an yi lissafinsa a wajen ƙira. Direban da ya sace wannan iska wai don kada tayar ta fashe, ya mayar da ita mai ƙarancin iska, ya kuma ƙara mata zafin da yake gudu.

Taya ma tana tsufa

Roba ɗanya abu ce mai danƙo da zafi, mai tauri da sanyi. A 1839 ne Charles Goodyear ya gano cewa in an dafa ta da farar wuta sai ta yi ƙarfi ta riƙe siffarta. To amma sinadari ba ya daina aiki don an fitar da kaya daga masana'anta. Iskar oksijin, ta waje da wadda aka ɗura a ciki, tana ci gaba da cuɗanya da robar, tana busar da ita, tana sa ta tsattsage. Akwai ƙa'idar da ta samo tushe daga aikin Svante Arrhenius, masanin sinadarai ɗan ƙasar Suwidin, wadda ke nuna cewa ire-iren wannan cuɗanya sukan ninka saurinsu da ƙarin kimanin digiri goma na zafi. Ma'ana, tayar da za ta daɗe lafiya a Jamus tana tsufa da wuri a Ɗanbatta, ko da motar ajiye take. Safayar da ke rataye ƙarƙashin jif ko a bayanta, tana shan rana shekara da shekaru ba a taɓa sa ta ba, ita ma tsohuwa ce duk da zanenta sabo ful. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sa'ar da aka yi ita ce kowace taya tana ɗauke da ranar haihuwarta. A gefenta akwai jerin haruffa da lambobi da ke farawa da DOT. Lambobi huɗu na ƙarshe su ne abin nema: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Alal misali, 2318 yana nufin mako na 23 na shekarar 2018. Tayar da ke da lambobi uku kacal an yi ta ne kafin shekarar 2000, kuma ba ta da wurin zama sai bakin rijiya. Kamfanonin mota da dama suna ba da shawarar a sauya taya bayan shekara shida, manyan kamfanonin taya kuma sun sa shekara goma a matsayin iyaka ta ƙarshe komai kyan zanenta. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta ɗauki matsayi mafi tsauri a gangamin da ta yi a 2016, inda ta ce shekara huɗu daga ranar ƙira. Ana iya jayayya a kan wace lamba ce ta fi daidai, amma wanda ke tuƙi a ƙasa mai zafi hankali ya nuna masa ya karkata ga ƙaramar.

A nan ne maganar tayar gwanjo ta shigo. Kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina ƙira a Ikeja a 2008, kasuwa ta koma hannun masu shigo da kaya. Ko da yake tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin jerin kayan da Hukumar Kwastan ta haramta shigowa da su, wanda ya zaga kasuwannin kayan mota na Kano ya san ba su yi wuyar samu ba. Tambayar da ya kamata mai saye ya yi wa kansa ita ce: me ya sa mai ita na farko ya cire ta? A Turai doka ta hana tafiya da tayar da zurfin zanenta ya gaza milimita 1.6, saboda haka wata an cire ta ne don ta kusa wannan iyaka, wata don tsufa, wata daga motar da ta yi haɗari. Wasu kuma an yi su ne domin ƙanƙara, ana gane su da hoton dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a cikinsa, robarsu mai laushi ce da aka tsara don sanyin da ya gaza digiri bakwai. Ƙari a kan haka, masu fasa-ƙwauri sukan cusa taya cikin taya don rage wuri, abin da ke lanƙwasa wayar bakinta ya bar lahanin da ba a gani.

Dalilin da ya sa abin ya fi muni ga jif

Ƙaramar mota in tayarta ta fashe takan yi tangal-tangal ta sauka gefen hanya. Jif kuwa sau da yawa kifewa take yi. Dalilin yana ga abin da masana ke kira cibiyar nauyi. Kowa ya san amalanken da aka yi wa lodin kara har sama ya fi saurin tuntsurewa a kwana fiye da wanda aka shimfiɗa wa buhuna a ƙasa. Injiniyoyi suna auna wannan ta hanyar raba faɗin da ke tsakanin ƙafafun dama da na hagu da ninki biyu na tsayin cibiyar nauyi. A ƙananan motoci amsar takan kama daga 1.3 zuwa 1.5, a jifa-jifai da a-kori-kura kuwa daga 1.0 zuwa 1.3. Ƙanƙantar lambar, sauƙin kifewa. Duk buhun da aka ɗaure a saman rufi yana ƙara ɗaga cibiyar. Sababbin motoci suna da na'urar da ke daidaita su in sun fara zamewa, wadda Amurka ta wajabta daga ƙirar 2012, amma da yawa daga cikin jifa-jifan da ke yawo a ƙauyuka sun girmi wannan doka.

Duniya ta koyi wannan darasi da jini. A watan Agusta na shekarar 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan shida da rabi daga hannun jama'a, yawancinsu a ƙafar jif ɗin Ford Explorer suke. Fatar saman tayoyin tana ɗayewa a tsakiyar gudu, motar ta kife. Hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka ta danganta mutuwar mutum 271 da wannan matsala. Abin lura ga mazaunin Ɗanbatta shi ne wuraren da abin ya fi tsanani: jihohin Amurka masu zafi kamar Florida da Texas, da ƙasar Benezuwela, da Saudiyya, inda aka fara sauya tayoyin tun 1999. Kamfanonin biyu sun yi ta musu a kan wanda ke da laifi, kuma cikin abin da suka yi saɓani a kai har da iska: Ford ya rubuta awo 26, Firestone ya ce 30 ya fi dacewa. Bambancin awo huɗu, wanda ƙarfen mai faci ba zai taɓa jin amonsa ba, ya shiga cikin binciken majalisar dokokin ƙasar. A ƙarshe aka kafa dokar da ta wajabta wa sababbin motoci, daga 2007, na'urar da ke kunna fitila in iskar taya ta ragu. Fitilar nan ce mai kama da tukunya da alamar motsin rai a ciki, wadda wasu a nan ke roƙon bakanike ya kashe musu don ta dame su.

Nijeriya ma tana da nata misalin. Ranar Lahadi 6 ga Maris, 2016, Ƙaramin Ministan Ƙwadago, James Ocholi, ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja, lokacin da tayar baya ta jif ɗinsu ƙirar Lexus ta fashe motar ta yi ta juyawa. Binciken Hukumar Kiyaye Haɗurra ya ambaci gudun wuce kima, da taka birki da ƙarfi bayan fashewar, da rashin ɗaura bel ga waɗanda ke zaune a baya. Motar gwamnati ce, babba, mai tsada. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya hana abin da ya faru.

Daga burtali zuwa kwalta

Ƙasar Ɗanbatta ƙasa ce ta gonaki a jere, ƙauye na kallon ƙauye, kuma hanyar da ke haɗa su sau da yawa burtali ce ko turbar amalanke. Jif ɗin da ta je gaisuwar mutuwa ko duba gona a wajen madatsar ruwan Tomas takan ratsa yashi mai zurfi, ta taka tushiyar dawa da gero bayan girbi, ta bi ta ƙarƙashin aduwa da bagaruwa masu ƙaya, sannan ta dawo kwalta ta ɗauki gudu. Taya ɗaya ce ake nema ta yi waɗannan ayyuka biyu, kuma a nan matsaloli huɗu ke fitowa.

Ta farko ita ce yashi. Gogaggun direbobi sun san in an rage iska tafin taya yana faɗaɗa, mota ta daina nutsewa. Dabara ce sahihiya, amma tana da sharaɗi: a mayar da iskar kafin a hau kwalta. Wanda ya manta ya nufi Kano da gudu ya haɗa wa tayarsa ƙarancin iska da nauyi da zafi a lokaci guda.

Ta biyu ita ce ado. Ana yayin cire wilin asali a sa manya masu ƙyalli, masu inci 20 ko 22, da taya mai siririn gefe. Gefen taya kuwa shi ne matashin da ke shanye duka. In ya gajarta, rami ɗaya ya isa ya matse tayar tsakanin wili da bakin kwalta, ya tsinka zarurrukan ciki, ya lanƙwasa wilin ko ya tsaga shi. Alamar ita ce kumburi kamar ƙwai a gefen taya. Tayar da ta yi wannan kumburi ta gama aiki, babu facin da zai mayar da ita.

Ta uku ita ce gyara. Huda a tsakiyar zane ana iya toshe ta da kyau in an cire tayar an duba cikinta an yi faci daga ciki. Huda ko yanka a gefe ba ta gyaruwa, domin wurin ne ke lanƙwasa a kowane juyi. Haka nan sa tif a cikin tayar da aka ƙera ba da tif ba yana haddasa gogayya da ƙarin zafi. Sannan akwai ɗaurin notuna, inda yaron mai faci ke zura bututu a sifana ya hau kai da ƙafa. Ƙarfen da aka ja fiye da kima yana miƙewa ya yi rauni, wata rana ya guntule, ƙafar mota ta fita ta wuce gaba ita kaɗai.

Ta huɗu ita ce gauraye. A motar da ƙafafunta huɗu ke ja, in girman tayoyin ya bambanta, na'urar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya tana wahala ba dare ba rana, har ta lalace, kuma kuɗin gyaranta ya fi na taya. In kuwa biyu kawai za a iya sauyawa, masu ƙera taya sun ce a sa sababbin a baya. Wannan ya saɓa wa al'adar direbobi, amma dalilin a fili yake: ƙafar gaba in ta sami matsala akwai sitiyari a hannu, ta baya kuwa in ta kuɓuce motar juyawa take yi.

Uzurori uku

Za a ce taya ta yi tsada, musamman tun faɗuwar darajar naira a 2023. Gaskiya ne, kuma ba za a raina wannan ba. To amma wanda ya iya sayen jif da zuba mata mai, ya ɗauki nauyin ƙafafunta tun ranar da ya karɓi makulli. Araha ba ta ado. Tayar gwanjo da za a sauya sau biyu ko uku kafin sabuwa ta ƙare ba ta zama mai rahusa ba, ko da ba a sa kuɗin asibiti a lissafin ba. Iska daidai kuma tana rage shan mai, tana tsawaita kwanan taya, kuma kuɗin geji bai kai na cika tanki sau ɗaya ba.

Za a ce hanyoyi ne ba su da kyau. Wannan ma gaskiya ne, kuma haƙƙi ne a kan gwamnati. Amma rami hujja ce ta rage gudu. Dokar hanya ta Nijeriya ta ba motar gida kilomita 80 a awa a babbar hanya, 100 a kan tagwayen hanyoyi na musamman, 50 a cikin gari. Ƙarfin da mota ke tafe da shi yana ƙaruwa ne da murabba'in gudunta, saboda haka mai gudun 120 yana ɗauke da ninki biyu da kwata na abin da mai gudun 80 ke ɗauke da shi. Wata hanyar ma kyanta ne ke cutarwa, domin santsin sabuwar kwalta da shirun cikin jif suna ɓoye wa direba gudun da yake yi.

Za a kuma ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Babu mai musun ƙaddara. Amma manomin Ɗanbatta da ya yi imani arziki na Allah ne bai taɓa barin gonarsa ba noma ba, bai kuma taɓa zuba hatsi a rumbun da ke yoyo ba. Hausawa da kansu suka ce Allah ya ce tashi in taimake ka. Tayar da aka yi shekara goma sha biyu da suka wuce, aka ɗura mata iska da ka, aka yi mata lodi, aka kore ta da gudu a ranar Afrilu, fashewarta sakamako ne da aka shuka.

Abin da ya kamata a yi

Ga mai mota, aikin bai wuce minti goma a wata ba. Ya mallaki gejinsa, ya auna ƙafafu huɗu da safaya da safe, ya bi adadin da ke jikin ƙofa. Ya karanta lambobi huɗun nan kafin ya biya kuɗin taya, ko sabuwa ce a leda, domin taya tana tsufa a kanti. Ya duba lambar nauyi da harafin gudu: 112S, alal misali, yana nufin kilogiram 1,120 ga kowace taya da iyakar gudun kilomita 180 a yanayin gwaji. Ya zaɓi wadda aka ba darajar A ko B a jure zafi. In ya ga gefe ɗaya na taya yana suɗewa, ko sitiyari yana rawa a hannu, ya kai a yi saitin ƙafa. In kuwa ƙaddara ta sa taya ta fashe a kan gudu, ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya miƙar da motar, ya sassauta totur a hankali, kada ya danna birki sai gudun ya ragu sosai. Kuma kowa ya ɗaura bel, har da maigida da ke hakimce a baya.

Ga mai faci, ya kamata a daina kallon sa a matsayin yaron aike. A tsakanin Kano da Daura shi ne mutum na ƙarshe da ke taɓa taya kafin ta shiga gwaji, kuma yana ganin tayoyi a mako guda fiye da yadda jami'in hanya zai duba a wata. Ƙaramar Hukumar Ɗanbatta, tare da Hukumar Kiyaye Haɗurra da cibiyar ilimi irin Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke garin, suna iya shirya wa masu faci bita ta yini ɗaya ko biyu cikin harshen Hausa, a koya musu karanta lambobin taya, a gwada gejinsu da ingantaccen ma'auni, a ba wanda ya ci shaidar da zai rataya a rumfarsa. Aiki ne da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Hukumar Kwastan da Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki kuwa nasu aikin yana can bakin iyaka da manyan ɗakunan ajiya, domin kama direba ɗaya a hanya ba zai tsayar da tirelar da ta riga ta sauke kaya a kasuwa ba.

Ranar da mai faci zai iya duban attajiri cikin ladabi ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ta 2014 ce, ba zan sa mata iska ka hau hanya da iyali ba," attajirin kuma ya saurara ya gode, a ranar ce addu'ar da suke rabuwa da ita za ta sami abin da ta dogara a kai. Allah ya kiyaye hanya.